Me Kuka Ci a Lakwal Yau?

Mu nan ƙasar Madawa da Buza da Keita, in yaro ya taso daga lakwal ya shigo gida, da wuya ka ji an fara tambayarsa abin da Malam ya koya masa. Tambayar farko ita ce, "Me kuka ci?" In ya ce shinkafa da wake, sai a ce, "Da mai, ko gaya?" In ya ce da mai har da albasa, sai uwa ta yi hamdala, ta san furar da ta dama za ta kai yamma. Sai bayan nan, in uba yana gida, ya ce a kawo allo ya gani. Haka muke daga Bangi har Tamaske, daga Sabon Gida har Garhanga, kuma ni da nake riƙe da alli ban ga laifinmu ba.

Ƙasarmu ta dutse ce da faƙo, in ka ɗauke fadamun Tarka da Maggiya. Damina ɗaya in ta yi gardama, rumbu ba ya ganin bazara. Da an gama girbi kuma samari da magidanta sun ɗaure kaya sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu nan kusa, Najeriya, an bar mata da tsofaffi da yara. Matar da take auna hatsi da tiya tana lissafin ranar da saƙo zai iso, in aka ce mata 'ya'yanta uku za su ci abincin rana a lakwal, ba ƙaramin nauyi aka sauke mata ba. Shi ya sa garin da aka fara dafa wa 'yan lakwal abinci, ba a bin gida-gida da maigari ana roƙon a ba da yara. Iyaye da kansu suke jawo su, har da waɗanda shekarunsu ba su kai ba, a ce maka, "Mushe, ƙaramin jiki ne gare shi kawai, amma ya isa."

Na koyar a ƙauyen da ba a dafawa, na koyar a wanda ake dafawa, kuma da idona na ga bambancin. A inda ba a dafawa, da hantsi ya ɗaga aji ya fara kwanciya. Yaron da ya fito gida da guntun tuwon jiya, ko da ruwa zalla, ƙarfe goma sha ɗaya ya ɗora kai bisa tebur. Ka tambaye shi bakwai sau takwas, ya zuba maka ido. In an tashi da rana, 'yan ƙauyukan nesa da na rugage sun tafi ke nan, ba za su dawo karatun yamma ba, don ba mai maimaita wannan tafiya da ciki wofi. 'Yan mata kuwa talla take janye su tun kafin su kai aji huɗu. A inda ake dafawa, littafin kiran suna cike yake har ranar kasuwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga yadda yinin yake a wurinmu. Tun da sassafe yara suke ɓullowa ta kowace hanya, jaka a wuya, kowa da ɗan icce ɗaya ko 'yan karare a hannu, don dokar kwamitin lakwal ce: wanda zai ci, ya kawo abin hura wuta. A jibge gefen rumfar girki. Manyan 'yan aji shida su tafi rijiya da amalanken jaki. Darakta ya ƙirga waɗanda suka zo, ya buɗe mangaza, a auna gari da shinkafa da wake da mai da gishiri daidai kawunan da ke nan, a rubuta, wakilin iyaye yana tsaye yana kallo. Sannan Inna mai girki da abokan aikinta, waɗanda ƙungiyar uwayen yara take jerawa bi da bi, su ɗora manyan tukwane. Kunun safe na garin nan ne da hukumar abinci ta duniya, PAM, take kawowa, na masara da waken suya da aka ƙara wa sinadaran gina jiki. Da rana kuma shinkafa da wake, ko tuwon hatsi da miyar kuka. A zauna rukuni-rukuni a inuwar bedi, tasa ɗaya yara biyar ko shida, manya dabam, ƙanana dabam, don kada mai babban hannu ya cinye rabon ɗan aji ɗaya. Malami yana zagayawa yana duba wanda bai wanke hannu ba. A makarantun makiyaya da ke arewa, inda yara suke kwana don iyayensu sun bi dabbobi, sau uku ake dafawa. Mu na zaunannun garuruwa sau biyu ne.

Duk da haka ba a rasa magana, don mu ba mu iya cin abu mu yi shiru ba. Wadda ta fi yawo a bakin rijiya da wurin niƙa ita ce ta nono. Wata tsohuwa mai riƙon jikoki ta tare ni a ƙofar lakwal ta ce, "Malam, kunun nan naku da daɗi, amma fa gaya ne. Yaro ya girma ba nono?" Na ce, "Inna, a gidanki akwai?" Ta ce, "Ina fa! Akuyar ta ƙafe tun sanyi." Mu mutanen fura ne. A wurinmu in ba a ga farin nono a ƙwarya ba, ko an ƙoshi ana jin da saura. Ga shi kuma muna zaune a jihar dabbobi. Saniyar Azawak da ake yabo a duk yammacin Afirka saboda nono, daga arewacin jiharmu ta Tawa take. Cukun Abalak ya kai ko'ina. Fulani da Buzayen Kel Geres na wajen Azarori da Galma maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci. To me ya hana nono shiga tukunyar lakwal?

Sai ka duba watanni. Lakwal tana buɗewa a Oktoba, ta rufe a Yuni. Nono kuwa yana yawaita ne daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ciyawa ta yi kore, kuma a daidai lokacin garkuna sun bar mana gonaki sun hau arewa, wajen Abalak da Cintabaraden har Ingal, inda makiyaya suke taruwa a Satumba dabbobi su lasa gishiri. Sanda suke gangarowa su ci kara bayan girbi, nonon ya fara ja baya. Daga Maris zuwa Yuni, lokacin zafi da shirin jarrabawa, lokacin da yaro ya fi bukatar abin da zai riƙe shi, saniya da ƙyar take shayar da ɗan maraƙinta. Ko ranar da duniya ta ware don nonon 'yan makaranta, Larabar ƙarshe ta watan Satumba, tana zuwa ne ajujuwanmu na firamare suna kulle. Ga yawancin ƙauyukanmu ba wuta ba firji, madarar da aka tatsa da safe in ba a sarrafa ta ba, kafin la'asar ta juya. Watannin nono dabam, watannin karatu dabam.

Wata shekara wasu masu taimako suka kawo mana madarar gari. Murna a gari ba a magana. Aka dama da ruwan ɗumi, kowane yaro kofi guda. Kafin azahar ciki ya fara ƙugi a aji, yatsu suna tashi ana neman izinin fita, wasu har da gudawa. Abin da ya ɗaure wa mutane kai, 'ya'yan Fulani da na Buzaye sun sha har sun nemi ƙari, ko gezau. Washegari gari ya ɗauka. Wasu su ce madarar ta lalace, wasu su ce an zuba wani abu a ciki, wasu har suka hana 'ya'yansu zuwa. Sai da malamin asibiti ya zo ya zauna da mu a ƙofar maigari ya warware. Ya ce madara tana da wani irin sukari da ake kira laktos, wanda jariri yake narkarwa ba wahala. Amma yawancin mutanen duniya, da an yaye su, ƙarfin narkar da shi sai ya riƙa raguwa. Al'ummomin da suka gaji kiwo kaka da kakanni, irin Fulani da Buzaye da mutanen arewacin Turai, da yawansu ƙarfin yana zama har tsufa. Maigari ya ce, "To ai mu ma muna shan nono, Malam." Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai tsami kuke sha. In nono ya kwana ya yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, kuma su suke taya ciki narkar da sauran."

Inna mai girki ba ta jira an tashi taro ba. Ta ce, "In dai wannan ne, ku bar mini." Da yamma ta dama madarar da tafasasshen ruwa, ta bari ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, ta zuba ludayi ɗaya na tsohon nono, ta rufe da faifai ta ajiye a ɗaki. Da safe ta kama, ta zama kindirmo. Aka zuba a kunu, yara suka sha, aji ya zauna lafiya har tashi. Abin da uwayenmu suke yi da ƙwarya tun fil azal, shi ya fid da mu.

Ita madarar garin ma sai an duba. Ba duk farin garin da ake ƙullawa a leda a kasuwa ne cikakkiyar madara ba. Akwai wadda ake cire wa man shanunta a masana'antun Turai, a sayar da man dabam da tsada, a maye gurbinsa da tataccen manja, a turo mana a manyan buhuna da arha. Tun da Tarayyar Turai ta daina ƙayyade yawan nonon da makiyayanta suke samarwa a 2015, irin wannan gari ya ƙaru a kasuwannin yammacin Afirka, har ƙungiyoyin makiyaya na Nijar da maƙwabtanta suka tayar da yekuwar kare nonon gida a 2018. Mai sayen ƙullin dala goma a tebur ba ya ganin buhun, balle ya karanta abin da aka rubuta. Kuma duk ƙullin da muka saya, Bafulatanar da ta yi sammako da ƙwarya a ka ce ta rasa ciniki.

To mu a gida, in nono ya ƙafe, ai ba ma zama mu rungume hannu. Muna jiƙa tsamiya mu dama fura da ruwanta. Muna jiƙa garin 'ya'yan kuka mu tace, ya yi kauri ya yi ɗan tsami, mu haɗa da ɗan nonon da ya samu har ya ishi gida. Masu tallar nono ma da rani haka suke yi, kuma kowa ya sani. Muna niƙa gyaɗa mu tace mu yi kunun da ake ba mai jego da mai azumi. Da zafi kunun aya yana cika kasuwa, ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi, wadda har Sifaniya ake kai ta, don mutanen Balensiya su ma abin shansu ke nan. Sai kuma awara, wadda ta shigo mana daga Najeriya ta zauna daram, har yau da wuya ka je ƙofar lakwal a Madawa ko Buza ba ka tarar da mai ita ba. A biranen Turai da Amurka cikin kwali ake sayar da madarar waken suya da ta sauran tsirrai, ana muhawarar ko a ba 'yan makaranta. Mu rani ne ya koya mana tun tuni.

Maƙwabciyata awara ce sana'arta, ta katanga nake jin motsinta tun kafin kiran assalatu. Waken ya kwana a ruwa, ta wanke, yarinya ta kai inji. In an dawo da ƙullun sai ta ƙara ruwa, ta tace da ƙyalle mai laushi, tana matsawa har dusar ta bushe. Dusar ta awaki ce. Farin ruwan da ya fito ta juye a babbar tukunya, ta tsaya a kai da ludayi, don in ya tashi tafasa ba ya sallama, yanzu ya malale a wuta. Da ya tafasa sosai sai ta riƙa zuba ruwan tsamin da ta tsiyaye daga gasarar koko, kaɗan-kaɗan, har ka ga farin ya tsinke ya dunƙule yana yawo bisa wani ruwa ɗorawa-ɗorawa. Ta kwashe a ƙyalle, ta watsa albasa da tattasai da gishiri, ta ɗaure, ta ɗora dutse. In ya tsane ya kama jikinsa, ta yanka, ta soya, a barbaɗa yaji. Yaro da dala biyar ya samu abin da zai riƙe shi har tashi.

Daga wurinta muka ɗauko dabara. Uwayen yara suka ce, tunda wannan farin ruwan kafin a sa masa tsami madara ce, me zai hana a dama kunun lakwal da shi? Ranar farko yara suka yatsine fuska, suka ce yana gafi. Aka kira mai awara. Ta ɗanɗana ta ce, "Ba ku bar shi ya dahu ba ne. Ku murje ɓawon tun wurin wanki, ku bar shi ya daɗe a wuta, ku sa citta da kanumfari." Aka bi maganarta, tasoshi suka dawo a suɗe. Daɗewar a wuta tana da wani amfanin bayan ɗanɗano: ɗanyen waken suya yana da abin da ke hana ciki amfana da shi, zafi ne yake kashe shi.

Shugaban kwamitinmu, dattijo ne da ya yi kiwo a ƙuruciyarsa, bai gamsu ba. Ya ce, "Malam, ku faɗa wa yara gaskiya. Ruwan wake dai ruwan wake ne, ba nono ba ne." Na ce, "Baba, gaskiyarka, amma bari mu auna kowanne." Kuma ya kamata mu auna, kada farin launi ya ruɗe mu. Wajen sinadarin gina tsoka, waken suya gwani ne: fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙwayarsa wannan sinadari ne, waken gida kusan kashi ɗaya cikin huɗu, hatsi kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma. Don haka awara da madarar waken suya da kunun gyaɗa suna gina jiki da gaske. Kunun aya yana da daɗi, yana ba da kuzari, amma bai kama ƙafarsu ba, kuma cikin zafinmu ba ya yini bai lalace ba. Kuka tana da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, tana da bitamin C, amma ba ta gina tsoka. Inda nono ya fi su duka shi ne ya tara abubuwa wuri ɗaya, ga gina tsoka, ga kalsiyam mai yawa, ga bitamin B12 da ba a samu sai a abin da ya fito daga dabba. Shi ya sa abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibitin Madawa, inda likitocin MSF suka daɗe suna aiki tun bayan yunwar 2005, gyaɗa ce aka haɗa da madara. Kuma a faɗa da babbar murya: duk wannan zance na 'yan lakwal ne. Jariri ba abin da ke maye masa nonon uwa, wata shida na farko ko ruwa ba ya bukata.

Wani abu kuma, waken suya ba ɗan ƙasarmu ba ne. Yana son ruwan sama fiye da wanda muke samu, galibi ta iyakar Najeriya yake shigowa. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma da aka sake rufe ta bayan Yulin 2023, masu awara sun ji a jikinsu, yanka ya ƙanƙance a kasko. Wake kuwa namu ne. In ka ɗauke Najeriya, ba ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya. Ƙosai da alala da ɗan wake da wake da hatsi, duk abincin da yaro zai ci ya yi ƙarfi ne. Ga zogale a bayan ɗaki, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli. Ba sai an jira motar abincin taimako ba.

Baba dai bai saki zancen ba. Ya ce, "To tunda kun yarda nono ya fi, ku nemo shi." Ya kuwa nuna hanya biyu. Ta farko akuya, musamman jar akuyar Maraɗi, wadda take haihuwa akai-akai, sau da yawa tagwaye, kuma take ba da nono da ɗan dusa da harawa a watannin da saniya ta gaza. Fulani suna da al'adar habbanaye, a ba mutum aron macen dabba ya riƙe har ta haifa masa, ya mayar da ita ya riƙe 'ya'yan. Lakwal ma za ta iya fara garkenta haka, kuma akwai makarantun da suka riga suka yi. Sharaɗin kawai a san mai kula da su da hutu, a ajiye musu harawa tun kaka, kuma a tafasa nonon kafin a tsamar, don ɗanye yana iya ɗauko cuta daga dabba. Hanya ta biyu cuku. Shi ne nonon damina da aka busar, yana watanni ba firji bai lalace ba. Buzaye suna daka shi da hatsi da dabino su dama, ya riƙe matafiyi yini guda. In kwamiti ya saya da kaka, lokacin da yake da yawa, za a iya daka shi cikin kunun ƙananan aji ko sau ɗaya ne a mako.

Mu ba baƙin abincin taimako ba ne. A 1984, shekarar babban fari, aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, PAM tana biyan ma'aikata da abinci. Maza sun tafi biɗa, matan Keita da Tamaske da Ibohaman da Garhanga su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera shingayen tare ruwa, suka haƙa ramuka a kan tsaunuka, aka dasa miliyoyin itatuwa. A kwarin Maggiya na Buza kuwa tun 1975 aka fara dasa layukan bedi masu tare iska tare da ƙungiyar CARE. Buhunan abincin wancan lokaci an cinye su tuni, gonakin da aka farfaɗo da su kuwa har yau ana nomawa, kuma jikokin matan nan ne suke zaune a ajujuwanmu. Taimako ya yi mana rana, mun gode, amma yana da ranar yankewa. Mun ga shekarar da mota ba ta zo ba sai da sanyi ya wuce, mun ga watan da mangaza ta ƙare, kafin ka ce me aji ya koma rabi. A 2016 shugabannin Tarayyar Afirka suka ware 1 ga Maris ta zama ranar ciyar da 'yan makaranta, bikin farko kuma a Yamai aka yi shi, da nufin abincin ya riƙa fitowa daga manoman wurin. A Barazil dokar da aka kafa a 2009 ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta a sayi amfanin ƙananan manoma da shi. Hausawa ma sun faɗa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu kuwa mun iya haɗa kai in mun ga dama. In ana ginin masallaci, daga Abijan da Tarabulus kuɗi suke zuwa. In biki ne, kafin yamma gudummawa ta cika faifai. In gayya ce, gona guda a gama ta kafin azahar. Tukunyar lakwal ma tana cikin waɗannan, don 'ya'yanmu ne suke ci a ciki. Da kaka kowane gida ya kawo tiya ta wake da tiya ta hatsi, wanda ba shi da hali ya kawo icce ko ya ɗebo ruwa. Masu lambun albasa na fadama su kawo gabu da kauɗar tumatir. 'Yan biɗa na unguwa guda su haɗa kuɗin akuya ɗaya. Mai awara a biya ta ladanta ta koya wa masu girki, mai nono a yi ciniki da ita tun tana da shi. Abin da ya shiga mangaza da abin da ya fita a karanta shi a bainar jama'a ranar Juma'a, don kada zargi ya kashe abin tun yana ɗanye. Taron kwamiti na bayan girbi, ranar da maigari ya sa, kowa ya zo da tiyarsa, kuma a bar mata su fara magana, don su suka san abin da tukunya take ci.